Yadda Ake Rubuta wa Yara Littafi Kan Haɗe Makarantun Baƙaƙe da Farare a Amurka, Daga Zaɓen Labari Zuwa Maɗaba'a

Malaman firamare da iyaye sun yi ta aiko mini da tambaya iri ɗaya. Sun ga hoton Ruby Bridges, wata 'yar yarinya baƙar fata a Amurka, tana saukowa daga matakalar makaranta, ƙarti sanye da kwat sun sa ta a tsakiya, sun ji labarinta, suna son yaransu su karanta shi da Hausa, to ta ina ake farawa? Wasu rubutun ne ya gagare su. Wasu sun rubuta, amma ya fito kamar darasin tarihin 'yan sakandare. Wasu kuma kuɗin mai zane da na bugu ne ya tsaya musu a maƙoshi. Ga matakan a jere. Littafin da nake magana a kai shi ne mai hotuna, shafi 32, na yara 'yan shekara 6 zuwa 9.

1. Zaɓi yaro ɗaya, ka bar sauran

Hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ranar 17 ga Mayu 1954 a shari'ar Brown, cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki, shi ne tushen yawancin labaran nan. Amma ɗan aji biyu ba ruwansa da hukunci, yaro ɗan'uwansa zai bi. Don haka ɗauki mutum guda.

Ruby Bridges ta fi sauƙin rubutawa, domin sa'ar masu karatunka ce. Shekararta 6 lokacin da ta shiga firamaren William Frantz a birnin New Orleans ranar 14 ga Nuwamba 1960, ita kaɗai baƙar fata. A wannan safiyar dai, wasu 'yan mata uku, Leona Tate da Gail Etienne da Tessie Prevost, suka shiga makarantar McDonogh 19 a birnin, aka janye fararen yara aka bar su su uku, tagogin ajinsu a manne da takarda don kada a hango su daga waje. Duniya ba ta san su kamar yadda ta san Ruby ba, kuma da ni ne mai neman labarin da bai sha hannu ba, su zan ɗauka.

Idan ƙananan yara sosai kake wa rubutu kuma ba ka son taron masu ihu, akwai Sylvia Mendez ta jihar Kalifoniya. Makarantar farare ta ƙi karɓarta ita da 'yan'uwanta saboda asalinsu na Meziko, amma ta yarda za ta karɓi 'ya'yan gwaggonta da suka fi su hasken fata. Iyayenta da wasu iyalai suka kai ƙara, aka tabbatar musu da nasara a 1947.

Ɗalibai baƙaƙe tara da suka shiga sakandaren farare a birnin Little Rock a 1957 kuwa, da Barbara Johns da ta jagoranci ƙaurace wa aji a Farmville ta jihar Virginia a 1951 tana da shekara 16, labaran manyan yara ne. Suna buƙatar littafi mai babi-babi, shafi 32 ba zai ɗauke su ba. Sauran jagorar nan da Ruby zan yi misali.

2. Tara gaskiyar labarin a takarda guda kafin ka rubuta komai

Ka nemi littafin da Ruby ta rubuta da kanta, *Through My Eyes*, na 1999, ka saurari hirarrakinta da ke YouTube, ka tara hotunan jaridun lokacin. Sai ka ja layi a tsakiyar takarda: abin da ya faru a hagu, inda ka samo shi a dama. Duk abin da ka gani a wuri ɗaya tak, musamman a rubutun Facebook da ake turawa hannu-hannu, ka ajiye shi gefe sai ka same shi a wani wurin.

Abin da takardar za ta ƙunsa ya haɗa da waɗannan. An haifi Ruby a 1954 a jihar Mississippi, iyayenta suka koma New Orleans neman aiki. Alƙalin kotun tarayya J. Skelly Wright ne ya ba da umarnin a haɗe makarantun birnin. An yi wa yara baƙaƙe jarrabawar shiga makarantun farare, ita tana cikin 'yan kaɗan da suka ci. Mahaifinta Abon bai so ba da farko, don yana tsoron abin da zai biyo baya, mahaifiyarta Lucille ce ta tsaya kai da fata. Jami'an tsaro na tarayya huɗu ne suka raka ta. Ranar farko a ofishin shugabar makaranta ta wuni ita da mahaifiyarta, suna kallon iyaye suna shigowa suna fita da 'ya'yansu. Malama ɗaya, Barbara Henry, 'yar Boston, ita ta koyar da ita, su biyu rak a aji kusan shekara guda. An kori mahaifinta daga aikinsa a gidan mai, kantin da suke cefane ya ce kada su sake zuwa, kakanninta a Mississippi aka tashe su daga gonar da suke nomawa ana raba amfani da mai ƙasa.

*Hattara:* kada ka ɗauko littafin wani ka juya shi zuwa Hausa ka sa sunanka. Abin da ya faru ba mallakin kowa ba ne, amma jimlolin marubuci da tsarin shafukansa nasa ne, kuma fassara sai da izini a rubuce. Sa'annan Ruby tana raye. Kada ka ƙirƙiri magana ka sa mata a baki. Inda ba ka da kalamanta na ainihi, bari mai ba da labari ya faɗi abin da ta yi ko ta gani.

3. Tsaya daidai tsayin yarinyar

Nan ne littafin zai yi rai ko ya mutu, don haka ka daɗe a nan.

Kai ka san ma'anar taron da ke ƙofar makaranta. Ruby ba ta sani ba. Ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani, abin da aka gaya mata kawai sabuwar makaranta za ta, ta kama kanta. Da ta ga cincirindo da shingen 'yan sanda da ihu da jefe-jefe, sai ta ɗauka bikin Mardi Gras ne, bikin da birnin ke yi duk shekara, tituna su cika kamar ranar hawan sallah. Masu zanga-zangar suna da wata waƙa ta ƙirga lambobi da ke cewa ba sa son a haɗe makarantu. Ta haddace ta, ta koma gida tana tsallen igiya da ita da ƙawayenta. Sai can wajen ƙarshen shekara, da aka fara haɗa ta da 'yan fararen yaran da suka dawo, wani yaro ya ce mata mamarsa ta hana shi wasa da ita saboda launin fatarta, har ya kira ta da mummunan sunan da ake zagin baƙaƙe da shi. A ranar ta gane abin da ake ciki.

Wannan shi ne ƙashin bayan littafinka. Mai karatu zai riga Ruby ganewa, zai yi ta jiran ranar da za ta gane, kuma wannan jiran ne zai sa ya buɗe shafi na gaba. Idan ka sa ta tun shafi na uku tana jawabi kan 'yancin ɗan'adam, ka zubar da abin da ya fi komai tsada a labarin, ka kuma yi ƙarya.

Abu na biyu, ka raba jarumtar ga masu ita. 'Yar shekara 6 ba ita ta yanke shawarar zuwa ba. Uwar ce ta yanke, tana sane da abin da zai iya faruwa. Uban da ya ƙi da farko shi ya rasa abincinsa, bai kuma cire ta ba. Malamar tana ratsa taron nan kowace safiya ita ma. Wani fasto farar fata, Lloyd Foreman, ya kama hannun 'yarsa Pam ya ratsa masu zagi ya kai ta makarantar, haka Daisy Gabrielle ta yi da 'yarta Yolanda, aka yi ta tsangwamarsu har sai da iyalin Gabrielle suka bar garin. Maƙwabtan su Ruby suna gadin gidansu, wasu suna bin motar jami'an a ƙafa, wani ya ba mahaifinta aiki. Ba sai dukansu sun shiga da suna ba, amma yaro ya gama littafin yana ganin yarinyar da mutane a bayanta.

*Hattara:* kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da Ruby waliyya marar tsoro. Gaskiya ne ɗaya daga cikin jami'an, Charles Burks, ya ce bai taɓa ganin ta yi kuka ba. Amma gaskiya ne kuma ta yi ta mugayen mafarkai, kuma bayan wata mata ta yi barazanar sa mata guba, ta daina cin abincin rananta, tana ɓoye burodin a cikin kabad na aji har aka gano. Ka sa wannan kabad ɗin a littafi. Yaron da ake cin zalinsa a makaranta, idan ka nuna masa jarumar da ba ta san tsoro ba, sai ya ce ai ni ba irinta ba ne. Wadda cikinta ke ɗurar ruwa amma ta tashi ta sa takalmi gobe da safe, ita ce zai iya koyi da ita.

Sai batun iya zafin da za ka bari. Akwai matar da take zuwa da 'yar tsana baƙa a cikin ƙaramin akwatin gawa, kuma Ruby ta ce wannan ya fi duk zagin tsorata ta. A ganina, ga 'yan shekara 6 da 7 ka bar shi a shafin manya na ƙarshe. Ga 'yan 8 da 9 jimla ɗaya ta isa, ba tare da zane ba. Abin da ba za ka yi ba shi ne share taron gaba ɗaya don kada yara su firgita, domin in ba taron, ba a ga abin da ta ratsa ba.

4. Haɗa littafin gwaji da hannunka

Ɗauki farar takarda A4 guda 8, ka jera su, ka naɗe su biyu, ka ɗinke tsakiya. Ka sami shafi 32. Sa lamba da fensir. Shafi na 1 sunan littafi, na 2 bayanin haƙƙin mallaka, na 3 ɗan mabuɗi, 30 zuwa 32 na manya. Abin da ya rage, 4 zuwa 29, buɗewa 13 ke nan, kowace buɗewa shafi biyu masu kallon juna.

Rabon da nake ba da shawara: buɗewa biyu ga gida da jarrabawa, ɗaya ga gardamar iyaye da dare, uku ga safiyar ranar farko, ɗaya ga zaman ofis, biyu ga ajin da ba kowa, biyu ga abin da ya sami gidansu da taimakon maƙwabta, ɗaya ga maganar yaron nan, ɗaya ga shekara ta biyu, lokacin da jami'ai suka daina zuwa, taron ya watse, wasu yara baƙaƙe suka shigo, Malama Henry kuma ta koma Boston. Duk abin mamaki ka ajiye shi bayan an juya shafi. Yaro ya ga Ruby ta kama ƙofar aji a ƙarshen shafin dama, ya juya, ya tarar da kujeru a jere ba kowa a kai.

*Hattara:* kada ka ce shafi 30 ko 34 kake so. Littafin da ake ɗinkewa a tsakiya dole adadin shafukansa ya rabu da 4, kuma a babban inji 8 ko 16 ake bugawa a falle guda. In ka saɓa, za ka biya kuɗin farar takarda.

5. Rubuta da bakin da ake magana da yara

Kalma 500 zuwa 800 ta isa duka labarin, wato kamar 50 a kowace buɗewa. Dubi bambancin waɗannan biyun. Na farko: "Sakamakon umarnin kotun tarayya, an fara aiwatar da shirin haɗe makarantu, lamarin da ya haifar da zanga-zanga." Wannan labaran ƙarfe bakwai ne. Na biyu:

"Mota ta tsaya. Ruby ta leƙa ta taga. Mutane maƙil, ga 'yan sanda, ga ihu. Ruby ta zaci biki ake yi. An ce mata kada ta waiwaya. Ba ta waiwaya ba. Biyu a gaba, biyu a baya, Ruby a tsakiya."

Jimlar ƙarshen nan ka maimaita ta duk safiyar da za ta shiga makaranta, yara za su riƙa amsawa tare. A buɗewa ta ƙarshe ka cire ta, don babu sauran biyu a gaba, kuma za su lura da kansu.

Bayanin wariya ka yi shi da abin da ido ke gani: makarantar farare daban, ta baƙaƙe daban, famfon shan ruwa daban, kujerun bayan bas na baƙaƙe. Mummunan sunan da aka kira ta da shi kada ka rubuta shi, kada kuma ka nemo masa kwatankwaci a Hausa, don gobe za ka ji shi a filin wasa. "Ya kira ta da mummunan suna" ya wadatar.

*Hattara, guda uku.* Na ɗaya, kada ka buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku" ko ka rufe da "ƙurunƙus". Yara sun san abin da ya zo a tsakanin waɗannan biyun tatsuniya ce. Shafi na 3 ya faɗa ƙarara cewa wannan ya faru da gaske kuma mai labarin tana raye. Na biyu, a ajin da za a karanta littafin akwai yaron da ake kira fari da wanda ake kira baƙi, kuma dukansu a New Orleans ta 1960 makarantar baƙaƙe za a tura su. Ka faɗi haka a sarari, in ba haka ba darasin zai juye ya zama tsokanar wanda ya fi duhu. Na uku, addu'a. Ruby tana addu'a a hanyar makaranta, har tana roƙa wa masu zaginta gafara, kuma gidansu Kirista ne. Kada ka canza mata addini don ta yi kama da mai karatu, kada kuma ka cire addu'ar. Yaranmu na kowane gida sun san yarinyar da uwarta ta ce mata in ta ji tsoro ta yi addu'a.

6. Rubuta shafukan manya

A 30 da 31 ka sa shekarun da suka kamata: 1954, 1960, da 1999 da ta kafa gidauniyarta. Ka ambaci 'yan matan McDonogh 19 ko da ba su shiga labarin ba. Ka faɗi cewa ita da Malama Henry sun sake haɗuwa a 1996. Kada ka rubuta cewa daga ranar nan wariya ta ƙare. A gundumar Prince Edward ta Virginia rufe makarantun gwamnati aka yi ɗungurungum daga 1959 zuwa 1964 don kada a haɗe su, kuma ita kanta William Frantz daga baya fararen iyalai suka ƙaura, ɗalibanta suka koma kusan duka baƙaƙe. A shafi na 32 ka sa tambayoyi huɗu ko biyar da ba a amsa su da "e" ko "a'a", irin: da kai ne ɗan ajin da mamarsa ta ce kada ya yi wasa da Ruby, me za ka yi?

7. Gwada shi a kan yara kafin ka kashe ko kwabo

Manna rubutun a littafin gwaji, ka ba wani malami ya karanta wa yara da ƙarfi, kai ka zauna a baya ka yi shiru. Inda mai karatu ya yi tuntuɓe, jimlar ce ke da laifi. Inda yara suka fara tsungulin juna, shafin ya yi tsawo. Kada ka tambaye su ko sun ji daɗi, za su ce e don kunya. Ka ce wani ya maimaita labarin. Idan ya ce Turawa duka mugaye ne, ka koma mataki na 3, Malama Henry da fasto ba su fito sosai ba.

8. Nemi mai zane

Wannan da bugu su ne manyan ramukan kuɗi. Ɗalibai da tsofaffin ɗaliban sashen zane-zane, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko na kwalejojin ilimi, sukan fi sauƙin farashi, amma iya zana fuska ɗaya mai kyau daban, iya maimaita ta sau 13 tana dariya, tana tsoro, tana kallon gefe daban. Ka biya shi kuɗin gwajin buɗewa ɗaya tukuna, ka ce ya zana Ruby a yanayi uku.

Ku yi ciniki a kan kowace buɗewa, bango kuma daban. Biya kashi uku: kafin alƙalami, bayan ka amince da zanen fensir, bayan an kammala launi. Ku rubuta a takarda wa ke da haƙƙin zanen, sau nawa zai yi gyara kyauta, da ranar miƙawa. Duk gyaran da za ka yi ka yi shi a matakin fensir, don bayan an sa launi sabon aiki ne da sabon kuɗi.

Ka haɗa masa hotunan lokacin: motocin 1960, rigunan mata, ginin makarantar na bulo mai hawa uku. Jami'an nan kwat da laktaya suka sa da ƙyalle a damtse, ba sojoji ba ne masu bindiga a kafaɗa. Sojoji a Little Rock aka tura, kada a cakuɗa. Ka roƙe shi ya zana taron daga ƙasa, yadda mai tsayin ƙugun babba za ta gan shi: ƙafafu, jakunkunan hannu, bakuna a buɗe. Ya kuma bar fili a kowace buɗewa inda rubutu zai zauna.

*Hattara:* shahararren zanen da mai zane Norman Rockwell ya yi na Ruby cikin farar riga da tumatir a fashe a bango, wanda mujallar Look ta buga a 1964, yana da masu haƙƙi, haka yawancin hotunan jaridu. Na dubawa ne don a gane kayan zamanin, ba na kwafa ba. Masu son rage kuɗi da hoton da kwamfuta ke ƙirƙirowa kuma su sani fuskar yarinyar takan canza daga shafi zuwa shafi, rubutun kwalayen zanga-zanga ya fito shirme. Kada kuma ka bari a haskaka fatar Ruby da sunan kwalliya, a littafin da duk maganarsa a kan fatar nan ce.

9. Tsara shafuka, ka kula da haruffa masu ƙugiya

Zaɓi salon harafi mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ manya da ƙanana, da ƴ in har littafin zai shiga Nijar, inda ake rubuta shi a maimakon 'y. Andika kyauta ne a intanet, an yi shi ne musamman don masu koyon karatu, kuma yana da su duka. Girman harafi 16 zuwa 18. Zanen a ɗauke shi a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci, don ya fito tar), launi a tsarin CMYK na injin bugu, kuma duk hoton da ya kai bakin takarda a bar masa rarar milimita 3 don wuƙar yanka. Kada fuska ko rubutu su faɗa tsakiyar buɗewa inda ɗinki zai ci.

*Hattara:* yawancin maɗaba'unmu da CorelDraw suke aiki. Idan suka buɗe aikinka a kwamfutar da ba ta da salon harafinka, ƙugiyoyin za su koma akwatuna, ko wani mai karambani ya maye su da b, d, k. Ka miƙa PDF da haruffan a kulle a ciki. Wanda ba shi da kuɗin mai tsarawa ya sauke manhajar Bloom, ita ma kyauta, tana jera shafukan yadda za a buga a naɗe.

10. Lambar ISBN

Wannan lamba ce ta shaidar littafi a duniya, kuma a Nijeriya Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayarwa. Ka nema kafin a rufe shafi na 2 da bayan bango. Bayan bugu doka ta ce mai wallafa ya kai musu kwafi 3.

11. Maɗaba'a da lissafi

Ba zan faɗi farashi ba, don kuɗin takarda yana bin dala, abin da aka gaya maka wannan wata ba lallai ya kai wata mai zuwa ba. Abin da za ka yi shi ne ka rubuta bayanin aikin a takarda guda, ka kai wa maɗaba'a uku iri ɗaya sak: girman littafi, shafi 32 da bango, takardar ciki mai nauyin giram 115 zuwa 135, bango 250 zuwa 300 da leda a kai, ɗinkin waya a tsakiya, da adadin kwafi. Kowa ya rubuta farashinsa da ranar da farashin zai daina aiki. In ba ka kai bayani iri ɗaya ba, wanda ya fi araha sau da yawa takarda mai shara-shara ya lissafa maka, zanen baya ya riƙa leƙowa ta gaba.

Kwafi kaɗan, na aji ɗaya ko biyu, bugun dijital ya fi. Daga ɗaruruwa zuwa sama bugun faranti ya fi sauƙi, domin kuɗin farantin sau ɗaya ake biya, yana raguwa a kan kowane kwafi gwargwadon yawan da aka buga. Ka tambayi mai bugu girman da ke fita daga fallensa ba tare da asarar gefe ba kafin mai zane ya fara aiki, don sauya girma daga baya yana yanke kawunan mutane a hoto. Idan aljihu bai kai ba, bango mai launi da ciki baƙi da fari hanya ce mai kyau, kuma ta dace da labarin da hotunansa na asali baƙi da fari ne. Sai dai wannan shawara tun a mataki na 8 ake yanke ta, zanen launi da aka juya baƙi da fari yakan dushe.

*Hattara:* kada ka yarda a buga duka sai an ba ka kwafin gwaji a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita. Launin ruwan ƙasa mai duhu yakan ƙara duhu a takarda fiye da yadda yake a fuskar kwamfuta, har idanu da bakin yarinyar su ɓace. Ka duba fuskarta a kowane shafi da hasken rana, ka bi ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya, sa'annan ka sa hannu. Cikon kuɗi sai ka ƙirga kwafin a gabansu, ka zaro daga tsakiyar ɗauri daban-daban ka duba jerin shafuka da ɗinki.

Wajen sa farashi, tara kuɗin zane da tsarawa da ISBN da bugu da dako, ka raba da adadin da kake sa ran sayarwa, ban da na kyauta da na ajiyar doka, sa'annan ka ɗora kason mai kantin littattafai da naka. Masu makarantu kafin a buɗe zangon farko suke tsayar da jerin littattafan shekara, don haka ka kai musu kwafin gwaji tun ana dogon hutu, adadin da suka ce za su ɗauka shi zai gaya maka ko dijital za ka yi ko faranti.